Motar gwaji a kamfanin motoci: me ya sa ake sayar da ita, kuma nawa ya kamata a rage maka?

Tambaya daga Tawa: "Assalamu alaikum. Na je Yamai neman Hilux sabuwa. Mai sayarwar ya nuna mini wata fara, kontar ɗinta na nuna kilomita 4,300, ya ce motar gwaji ce, wata 7 ke nan tana hannunsu, ba a taɓa sayar wa kowa ba. Sabuwa sefa miliyan 25 ce, wannan zai bar mini a miliyan 23. In lafiyarta ƙalau, me ya sa suke rage kuɗi? In kuma da wani abu, me ya sa ragin bai wuce haka ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a saya a sa'a. Ina ba ka amsa ne a matsayin wanda ya daɗe yana cin abinci da cinikin motoci a Yamai, sababbi da na hannu.

Motar gwaji ta gaskiya ita ce wadda kamfani ya zare daga cikin sababbin da ya shigo da su, ya yi mata takardu da sunansa, ya ajiye ta don mai son saye ya hau ya zaga gari. Ba mai ajiye miliyan 25 a kan abin da bai ji ƙarar injinsa ba. Ban da wannan, ana kai ta wurin baje koli, wani lokaci shugaban sashen ciniki ya kwana da ita a gida, wani lokaci a ara wa babban abokin ciniki wanda tasa ke garaji. A nan kilomitan ke taruwa. Don haka ganin 4,300 a wata 7 ba abin tsoro ba ne, ya yi daidai da irin wannan aiki.

Dalilin sayar da ita ba ya wuce kuɗi. Yawancin motocin da ka gani jere a bayan gilashi ba da kuɗin aljihun kamfani kaɗai aka shigo da su ba. Akwai bashin banki ko na kamfanin da ya ƙera su, ga kuɗin jirgin ruwa, ga duwan, wato harajin kwastan, da aka riga aka biya. A ɗauka kuɗin ruwan kashi 10 cikin ɗari ne a shekara. Motar miliyan 25 tana cin sama da jika 200, wato sefa dubu 200, kowane wata tana tsaye, ba a lissafa asirans (inshora) da mai da wanki ba. Kamar ragon da bai samu mai saye ba har Layya ta wuce ne: dusa yake ci kullum, kuɗinsa kuma ƙasa yake yi. Wata 7 ɗin da aka faɗa maka sun riga sun cinye wa kamfanin kusan miliyan ɗaya da rabi a wannan lissafi, kuma sun san in ta kai shekara ba sauran mai yarda a kira ta "kusan sabuwa".

Akwai wani dalilin da ya fi shafar kasuwarmu ta Nijar, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Masu sayen sabuwar mota a Yamai galibi ba ɗaiɗaikun mutane ba ne. Gwamnati ce, da ayyukan raya ƙasa, da ƙungiyoyin agaji, da bankuna, da kamfanonin ma'adinai da na mai. Su kuwa takardar kwangilarsu ce ke cewa a kawo sabuwar mota, kuma akwai kwamitin da zai karɓa ya sa hannu. Motar da aka riga aka yi wa rajista, kontar na nuna dubbai, ba ta shiga wannan ƙofa. Sai ta koma neman mutum irinka, ɗan kasuwa mai biya da kuɗinsa, wanda ba kwamitin da zai tuhume shi. Irinku ba ku da yawa, shi ya sa mai sayarwar ya ja ka gefe ya nuna maka ita. Ka riƙe wannan, domin da shi za ka yi ciniki.

Sai batun sabon yayi. Da zarar wani sabon samfuri ya sauka, dole a canza motar gwaji, tunda ba a tallar kayan bana da samfurin bara.

Yanzu kuɗi, inda tambayarka ta fi nauyi.

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa kilomita ake rage wa kuɗi. Mu buga lissafi mu gani. Hilux da ake kula da ita tana yin kilomita 300,000 ba tare da an buɗe inji ba, masu zuwa daji sun shaida. Raba miliyan 25 gida 300,000, kowane kilomita ya tashi kusan sefa 83. Kilomita 4,300 ke nan ba su kai jika 360 ba. Ka ga ashe tafiyar da ta yi ita ce mafi arahar abin da ka rasa. Abin da ya fi tsada shi ne lokaci da takarda. Garanti yana fara ƙirga ne daga ranar da aka fara sa mota a hanya, ba daga ranar da kai ka biya ba. In garantin na shekara 3 ne ko kilomita 100,000, wanda shi aka fi sani a wannan yanki, to wata 7 sun riga sun tafi, saura maka wata 29. Kart giriz ɗinka kuma, wato takardar rajistar motar, za ta ɗauki ranar farko da aka sa ta a hanya, kuma da wannan ranar za a yi maka ciniki duk lokacin da ka tashi sayarwa. In an yi mata rajista a ƙarshen bara, a idon dillali motar bara ce, ko da yau ka ɗauko ta daga gilashi.

Abin da ya fi duk waɗannan cin mutane shi ne abin da suke auna ragin da shi. An ce maka sabuwa 25, wannan 23, sai zuciyarka ta rubuta ragin miliyan 2. Amma miliyan 25 farashin takarda ne. Shin ka taya sabuwar? Mai kuɗi a hannu, wanda ba bashi zai ci ba, ana sassauta masa ko a kan sabuwa fil. In da za su bar maka sabuwar a 24, to ragin gaskiya miliyan ɗaya ne, rabin abin da kake gani. Shawarata ita ce ka manta da farar nan tukuna. Ka zauna ka yi cinikin sabuwa har ƙarshe, har mai sayarwar ya tashi ya shiga ofishin maigidansa ya dawo da farashin da ya ce ba ƙasa da shi, a rubuta maka a takarda. Bayan nan sai ka juya ka ce, "To waccan fa da kuka gama hawa?" Daga wannan lambar ake fara rage wa motar gwaji, ba daga ta jikin gilashi ba.

Sannan ka duba ko irinsu ɗaya. Kamfani ba ya sa mai ƙaramin kaya a gwaji. Mafi ƙawa yake zaɓa, mai kujerun fata da kamara da giya mai canza kanta da ƙarfen taya mai walƙiya, don ido ya ƙyasa. Sai ka tarar motar gwajin da aka rage wa kuɗi ta fi tsadar sabuwar da ka zo nema tun farko. In kayan nan kana son su, ka ci riba. In buhun albasa za ka riƙa ɗauka daga Galmi, kujerar fata ba ta ƙara maka komai sai zafi.

Ka kuma tambaya da baki, a rubuta: farashin nan da TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, ne ko babu? A Nijar TVA kashi 19 cikin ɗari ce. A kan miliyan 23 ta haura miliyan 4. Kamfanoni sun saba ba ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji farashi marar haraji, kuma na sha ganin an haɗa lambar sabuwa mai haraji da lambar wata marar haraji a zance ɗaya, ba lalle da mugun nufi ba, mai saye ya tafi gida yana murna, sai ranar biya fuska ta canza.

Me ya sa ragin bai fi haka ba? Saboda nan ba Turai ba ce. A Faransa ko Jamus masu sayar da motoci suna da yawa, kamfanin da ya ƙera yana ɗora musu adadin da za su sayar kafin su samu lada, sai su yi wa motoci rajista da sunansu don lissafi ya cika, su dawo su sayar da rahusa. A Jamus har akwai motar da ake yi wa rajistar kwana ɗaya tak don wannan dabara, ba ta taka ko'ina ba. A Faransa kuma doka ta tsara abin: ana rubuta a kart giriz cewa motar gwaji ce, kuma ƙaramar mota ba ta zama a wannan matsayi ƙasa da wata 3 ko fiye da shekara ɗaya. Shi ya sa can kullum kasuwa cike take da irinsu, suna karya wa juna farashi. A Yamai kuwa, Toyota sabuwa ta hanyar wakilinta CFAO take zuwa, wanda shi kansa mallakar Toyota Tsusho ne na Japan. Motocin gwaji na gaske a garin nan ba su da yawa, Hilux kuma ba ta kwantai. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙaru, jira ya ƙaru. A irin wannan hali motar da ke tsaye a gabanka tana da wani farashi na daban, wato ka biya yau ka kwana Kwanni gobe. An ma taɓa ganin abin ya juye gaba ɗaya: a 2021 da 2022, lokacin ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki na mota, an sayar da motocin da aka ɗan hau da kuɗin da ya fi na sababbi a ƙasashe da dama. A farkon 2022 Toyota da kanta ta sanar cewa mai son Land Cruiser 300 a Japan zai iya jiran shekara 4. Saboda haka ka tambaye su: sabuwar tana nan a fili, ko sai an jira? In tana nan, kai ke da ƙarfi. In sai bayan wata uku, su ke da shi.

Abin da zan fi daɗewa a kai shi ne wannan: ba duk abin da aka kira motar gwaji ne motar gwaji ba. Sunan yana da daɗin faɗa, kowa na aronsa. A filayen sayar da motoci na bakin titi za ka ji dillali na rantsuwa cewa "gwaji kawai aka yi da ita a Dubai", ko a Beljiyam. Wata gaskiya ce, irin waɗancan na Turai ne da suka biyo jirgi. Wata motar haya ce. Wata an tsamo ta ne daga ambaliya ko hatsari a Amurka, kamfanin asirans ya yi gwanjonta, aka gyara aka fesa. Wata kuma an mayar da kontar baya ne da kwamfuta, aikin da ba ya cin awa guda. Ko ta gaskiyar ma tana da nata: dizal ɗin da aka ƙera don Turai, mai matatar hayaƙi da tankin AdBlue (ruwan rage gubar hayaƙi), an yi shi ne don gazuwal mai tsabta ƙwarai, kuma ba ya jituwa da wanda ake zubawa daga jarka a ƙauye. Garantin can kuma ba lalle ne a karɓe shi a nan ba. In kontar na ƙirga mil ne irin na Amurka, ka ninka da 1.6 kafin ka san kilomitanta. Akwai ma wadda aka tuƙo da ƙafarta tun daga Lome, ta zo da fiye da kilomita 1,000 na rami da ƙura, a ce maka gwaji ne.

Akwai kuma motocin da suka shigo da yafiyar duwan, na ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci da manyan ayyuka. Wani aiki ya ƙare da wuri, motar ba ta yi wata tafiya ba, a fito da ita kasuwa da arha mai ruɗi. Duwan ɗin da aka yafe musu ba a yafe maka ba. Kafin ta koma sunanka sai an biya, kuma wannan kaɗai yana iya cinye ragin har ya nemi ƙari. Arha ba ta ado.

Yadda za ka rarrabe ba shi da wuya, takarda ce da ido. Ka nemi kart giriz ka ga sunan kamfanin ne a kai, ba na wani mutum ko wani aiki ba, ka duba ranar farko da aka sa ta a hanya. Ka nemi takardar duwan. Ka haɗa lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ta jikin takarda da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, harafi da harafi, kada ka bar wani ya karanta maka. Sannan ka tsuguna gefen taya. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1824, an yi tayar ne a mako na 18 na 2024. Tayoyi huɗun da ta biyar ya kamata kwanan watansu ya yi kusa da juna, kuma ya ɗan riga ranar ƙera motar. In ɗaya ta fita daban, ka tambayi abin da ya sami 'yar'uwarta. Ka buɗe ƙofar direba ka shafa gefen kujera inda ake zamewa a sauka, ka dubi robar birki da ta totur. Kilomita 4,300 ba su sa roba sulɓi. Ka fito da motar cikin rana ka tsaya a gefe ka bi jikinta da ido daga fitilar gaba zuwa ta baya: fentin da aka sake yana ɗan bambanta da na kamfani, musamman a farar mota, kuma yakan bar ɓurɓushi a robar gilashi. In kamfanin ya taɓa gyara ta a garajinsa, yana cikin kwamfutarsu. Ka ce a buga maka tarihin.

Ka tafi da bakanikenka, ba nasu ba. Ya ɗaga ta ya dubi ƙasa, domin wanda ya zo gwada Hilux ba ya tausaya mata. So yake ya ga ƙarfinta, sai ya sa ta a yashi ko ya haye dutse da ita, tunda ba tasa ba ce. Ya buɗe matatar iska ya ga ƙurar hunturu, ya gwada batir. Motar da ke yini a tsaye a zafin Afrilu da Mayu na Yamai, inda ake haura digiri 40 kusan kullum, batir ɗinta na gajiya da wuri. Akwai kuma gajiyar da kontar ba ya rubutawa: a tayar da inji a kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, ana hira da mai saye rabin awa, a zaga kilomita biyar, a kashe. Injinan yanzu suna jure wannan fiye da na da, ba na ce ka gudu saboda shi ba, amma dalili ne na cewa a yi mata bidanji, wato juyen man inji, da sababbin matatu a kan kuɗinsu kafin ka karɓa, a buga hatimi a littafin kula da motar.

Sai abin da ya shafe ka kai kaɗai a matsayinka na mutumin Tawa. Garanti yana da sharaɗi: a riƙa kai mota duba a garajin da suka yarda da shi, a kan lokaci, kuma a yanayinmu bidanji kowane kilomita 5,000 aka saba. Tsakanin Tawa da Yamai kusan kilomita 550 ne ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye maka fiye da kashi ɗaya cikin biyar na tazarar bidanjin. Ka tambaye su tun yanzu wane garaji suka amince da shi kusa da kai, kuma me zai faru da garantin in bakaniken unguwa ne ya juye mai. In ka san a ranka ba za ka iya bin wannan sharaɗi ba, to garantin da ya ragu bai rage maka abu mai yawa ba, motar gwaji ta fi dacewa da kai fiye da sabuwa. In kuwa harkarka na kawo ka Yamai akai-akai, wata 7 ɗin nan kuɗi ne, ka nemi a biya ka su.

Batun "hannu na biyu" kuma, tunda sunan kamfani ya riga naka hawa takardar, a ganina ba a Ader, yankinku na Tawa, ake damuwa da shi sosai ba. Mai sayen Hilux a Tawa ko Abalak inji yake saurare, ya dubi ƙafa da shasi. Shekarar da ke kan takarda ce ke taɓa farashi, yawan sunaye bai cika taɓawa ba.

A kan lambobin da ka kawo, ra'ayina shi ne miliyan 23 farashin buɗe baki ne. In bincike ya nuna sabuwar ba ta sauka daga 25 ko sisi, kuma sai an jira ta, takardun wannan kuma tsaf suke, to ragin miliyan 2, kashi 8 cikin ɗari ke nan, ba cuta a ciki. In kuwa sabuwar na samuwa a 24 kuma tana nan a fili, ni ba zan ɗauki ta gwaji a kan ragin miliyan ɗaya ba, sai ta sauko kusa da 22. In sun kafe a kan kuɗi, ka koma kan abin da ya fi musu sauƙin bayarwa, domin kayan garajinsu a farashin sari suke samunsa: bidanji biyu ko uku kyauta, sabon batir, kuɗin canza kart giriz, shimfiɗar roba ta bayan mota, ko a tsawaita garantin a rubuce ya fara daga ranar da ka karɓa. Ƙarshen wata da ƙarshen shekara, lokacin da ake rufe lissafi, sun fi saurin cewa to.

Duk abin da aka amince a kai ya shiga cikin faktir, wato takardar cinikin: kilomitan da ke kontar ranar, lambar shasi, ranar da garanti zai ƙare, da cewa motar gwaji ce ba a taɓa hatsari da ita ba. In za ka ba da kafin alƙalami ka koma Tawa haɗo sauran kuɗin, a rubuta cewa an janye ta daga gwaji tun daga wannan rana, kuma ka ɗauki hoton kontar da wayarka kafin ka fita.